Lambu Huɗu Cikin Arba'in da Ɗaya

A ƙarshen ranin 2016, daidai lokacin da zafin bazara ya fara tsananta, wani matashin malamin gona ya kwashe kwana uku yana zaga fadamar ƙauyen kakanninsa a ƙasar Ikara, da littafi a aljihu, yana ƙidayar lambunan tumatir. Aikin bai buƙaci wata gwaninta ba. Daga kan babur ma ana gane lambun da tsutsa ta shiga: ganye ya yi fari-fari ya yanƙwane kamar an bi shi da bakin wuta, 'ya'yan kuma duk huji, suna ruɓewa a jikin uwarsu. Manoma sun laƙaba wa tsutsar suna Sharon, masana kuma suna kiranta Tuta absoluta. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta ƙetare Bahar Rum da Sahara cikin 'yan shekaru. Uwarta wani ɗan ƙwaro ne mai fiffike da ke tashi da dare, yana iya saka ƙwai har kusan 260, tsutsar kuwa da ta ƙyanƙyashe sai ta kutsa cikin naman ganye, inda feshi ba ya iske ta. A watan Mayu na shekarar, Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, kwamishinan gona ya shaida wa manema labarai cewa kashi 80 cikin 100 na gonakin sun lalace, sabuwar masana'antar Dangote da ke Kadawa a Jihar Kano kuma ta dakatar da aiki saboda babu abin da za ta niƙa.

Lambu arba'in da ɗaya matashin ya zaga. Huɗu ne ke da abin da za a tsinka a zuba a kwando. Na kawunsa ba ya cikin huɗun. Ya same shi zaune a gindin mangwaro kusa da injin ban-ruwa, injin da aka zuba wa man bashi tun watan Janairu, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Kawu, yaya muka ji da wannan jarrabawa?"

"To, sai godiya, ɗana. Ba a rasa ba. Akwai waɗanda Allah ya tsaga da rabonsu, sun ɗan samu."

Da dare ya zauna cike takardar da wata ƙungiya mai tallafa wa manoma ta raba wa malaman gona. Da Turanci aka tsara ta, a ƙarshenta kuma akwai ɗan gurbi da aka nemi a taƙaita halin da ƙauye ke ciki a jimla guda. Ya rubuta: *A few farmers still have something to harvest.* Alƙaluman ya bar su a littafinsa, tunda takardar ba ta tanadi wurin zuba su ba. Abokin aikinsa da aka tura wani ƙauye a ƙasar Kudan, can wajen Hunƙuyi, ya tarar da ɓarnar da ba ta fi wannan ba, ba ta kuma gaza ta ba. Shi sai ya rubuta: *Few farmers have anything to harvest.* Da jerin ƙauyukan da za a ba iri da taki ya fito, ƙauyen Kudan yana sahun gaba, ƙauyen Kawu kuwa yana cikin waɗanda aka ce za a waiwaya daga baya. Babu wanda ya ci amana, babu wanda ya karɓi na goro. Jami'in da ya tace takardun yana da tuli a gabansa, ya kasa su kashi biyu gwargwadon abin da kowace jimla ta faɗa masa, kuma bai yi kuskuren karatu ba.

Sai da aka yi makonni matashin ya ga takardun biyu gefe da gefe. Ya dube su ya sake dubawa, bai ga inda suka saɓa ba. Don haka wata ranar kasuwa ya hau babur zuwa Makarfi, ya ratsa ta tsakanin motocin da ake loda wa damman rake, ya yi sallama a zauren tsohon malaminsa na Turanci, wanda ya yi ritaya tun da daɗewa. Tsohon ya sa tabarau ya karanta, ya miƙa masa.

"Karanta mini su da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya."

Ya karanta.

"To, in da kai ne baƙo aka karanta maka waɗannan, wace ce za ka ce wa mai ita barka, wace ce za ka yi wa jaje?"

Matashin ya yi shiru. Ya san amsar tun kafin tsohon ya rufe baki.

Abin da aka nuna masa a wannan zaure, a aji akan ba shi layi biyu a wuce. *Few* da *a few* ba su bambanta a adadi ba. Manoma huɗu cikin arba'in da ɗaya, kowace daga cikinsu ta dace da su, kuma ba a yi ƙarya ba. Inda suka rabu shi ne wurin da kowace ke fara awo. *A few* daga babu take tasowa: an ɗauka ba za a samu ba, sai ga shi an samu. *Few* kuwa daga abin da aka sa rai take gangarowa: an zaci da yawa, sai ga shi ko kusa ba su kai ba. Ta farkon 'yar ɗakin *some* ce. Ta biyun maƙwabciyar *no* ce, zana kawai ta raba su. Shaidar haka tana cikin jimlolin biyu da kansu. Turanci yana da wasu kalmomi, irin su *anything* da *ever*, waɗanda suka fi sabo da zama a inuwar korewa ko tambaya. Abokin aikin nasa ya rubuta *few* ya biyo ta da *anything*, jimlar ta zauna daram, alhali babu *not* a cikinta. Da an sa *a few* a wurin, da jimlar ta yi tsami a kunnen mai harshen, dole sai an koma ga *something*. Wato nahawun Turanci kansa yana ɗaukar *few* a matsayin korewa mai sanye da rigar ƙidaya.

Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Glasgow, Linda Moxey da Anthony Sanford, sun daɗe suna gwada wannan a kan masu karatu, suka tattara sakamakon a littafinsu *Communicating Quantities* na 1993. Dabarar tasu mai sauƙi ce. Sai su ba mutum jimla mai farawa da ɗaya daga kalmomin biyu, su fara masa jimla ta gaba da wakilin suna na jam'i, su ce ya ƙarasa. Wanda aka ba *a few* yakan ci gaba da magana a kan 'yan kaɗan ɗin da suka yi abin. Wanda aka ba *few* sau da yawa sai ya juya ga ɗimbin da ba su yi ba, har ya shiga neman dalilin da ya hana su. Ke nan jami'in da ya karanta takardar Kudan, manoman da suka tashi a tutar babu ne suka tsaya masa a ido. Da ya zo kan takardar Ikara, mutum huɗu ya gani suna tsinkar tumatir. Sauran talatin da bakwai, har da Kawu a gindin mangwaro, jimlar ta ba su baya.

Haka abin yake tsakanin *little* da *a little*, waɗanda ke yi wa abin da ba a ƙirgawa irin wannan aikin. Rijiyar da aka ce tana da *a little water* za a iya zura mata guga. Wadda aka ce tana da *little water* gara a nemi wata. Iyalin da likita ya ce wa akwai *a little hope* sukan koma gida su dafa abin kai wa asibiti. Waɗanda ya ce wa *little hope* sukan fara kiran 'yan'uwa na nesa a waya.

Kuskure ne a ɗauka cewa Hausa ba ta san wannan bambanci ba. Ta san shi sarai, sai dai ba a jikin kalma ɗaya ta rataya shi ba. "Kaɗan" ita kaɗai ba ta da fuska. Abokan tafiyarta ne ke juya ta. "Kaɗan ne suka samu" jaje ne, balle a ƙara "kawai", ko a ce "'yan ƙalilan", ko "tsiraru". "Akwai 'yan kaɗan da suka samu" kuwa, ko "an ɗan samu", ko "ba a rasa ba", duk barka ce, ko da ƙarama. Matashin nan ko cikin barci aka tashe shi ba zai haɗa waɗannan ba. Abin da ya faru da shi a daren nan ya fi rashin sanin nahawu zurfi: abin da idonsa ya ƙirga ya bar shi a littafi, abin da bakin Kawu ya faɗa shi ya fassara. Kuma ya fassara shi daidai. *A few farmers still have something* ita ce "ba a rasa ba, sun ɗan samu", ba ragi ba ƙari.

Dattijon Bahaushe ba ya ƙirga asararsa a bainar jama'a. Majiyyacin da ke gargara, in an tambayi masu jinyarsa, "da sauƙi" za su ce. Wanda gobara ta cinye wa rumbu zai ce abin ya zo da sauƙi tunda ba a rasa rai ba. Wannan ɗabi'a tana da kyau, kuma ba ta yaudarar kowa, domin mai sauraro ya san nawa zai rage. Yana kallon fuska, yana jin inda murya ta faɗi, ya san cewa "sai godiya" daga bakin mutumin da ke zaune kusa da injin bashi ba albishir ba ne. Takarda kuwa ba ta ɗaukar fuska zuwa ofis. Kalmar da aka faɗa don kare mutunci a gindin mangwaro, da ta shiga rahoto sai ta zama bayanin yanayi, wanda kuma ya karanta ba shi da hanyar sanin cewa akwai abin ragewa.

Abin takaici shi ne, makaranta ta kashe shekaru tana horar da wannan matashi a kan wani bambancin dabam, wanda ba shi da wannan nauyi. Turanci ya raba sunaye gida biyu, waɗanda ake ƙirgawa da waɗanda ake aunawa, ya ba kowane gida kalmominsa: *many* da *much*, *few* da *little*, *fewer* da *less*. Hausa ba ta damu da wannan rabo ba. Mutane da yawa, ruwa da yawa. Buhu kaɗan, gishiri kaɗan. Shi ya sa ɗalibin Bahaushe ke tuntuɓe a nan, shi ya sa kuma malamai ke son wurin, domin yana da sauƙin ja da jan biro. Rabon kansa bai bi wani hankali tsayayye ba. Shinkafa da masara ba a ƙirga su a Turanci, wake da gyaɗa ana ƙirgawa. Kuɗi, wanda dillalan rake ke lissafawa tun safe har magariba a kasuwar Makarfi, *much* ake ce masa. Dokar *fewer* da *less* ma, wadda wasu ke riƙewa kamar farilla, an fi danganta asalinta ga wani marubuci mai suna Robert Baker, wanda a 1770 ya bayyana cewa shi dai *fewer* ta fi yi masa daɗi da abin da ake ƙirgawa. Alhali Sarki Alfred na Ingila ya yi amfani da *less* a irin wannan gurbi kusan shekara 900 kafin nan. Ra'ayin mutum ɗaya ya zama ƙa'ida, har a 2008 kantunan Tesco suka sauya rubutun da ke kan layin masu 'yan kaya saboda ƙorafin masu kishin nahawu. Wanda ya rubuta *much farmers* zai rasa maki a jarrabawa, za a kuma yi masa dariya a ofis, amma za a gane nufinsa. Wanda ya sa *a* inda bai kamata ba, jimlarsa tsaf take, babu mai gyara masa, sai dai ta faɗi kishiyar abin da yake nufi.

Tsohon malamin bai bar shi ya tashi a nan ba. Ya aika yaro ya sayo mazarƙwaila, ya ci gaba da zana masa tarkunan da ke kewaye da wannan 'yar kalma. In aka sa *only* a gaban *a few*, sai ta koma jaje; da ya rubuta *only a few*, da wataƙila ƙauyen Kawu ya shiga jeri. In aka sa *quite*, sai ta tsallake gaba ɗaya zuwa ɗaya ɓangaren: *quite a few* da yawa take nufi, duk da kalmar kaɗan da ke zaune a tsakiyarta. Matashin ya ce wannan kam rashin adalci ne ga mai koyo. Tsohon ya yi dariya ya tambaye shi, in Bahaushe ya ce wane ya sha wuya "ba kaɗan ba", nawa ya sha? In kuma ya ce mutane "da dama" sun halarta, su nawa ne? "Da dama" tana iya zama goma, tana iya zama ɗari biyu, ta fi kaɗan, ba ta kai maƙil ba; in kuma aka ninka ta aka ce "da dama-dama", sai ta sauko. Kowane harshe yana da irin wannan wasa, mai shi ne kawai ba ya ganin nasa.

A tsakanin kaɗan da yawa Turanci ya jera wasu matakai da ke kama da lissafi amma ba lissafi ba ne. *A couple* biyu ce a asali, a baki kuwa tana kaiwa uku. *Several* ta wuce biyu, ba ta kai *many* ba, kuma babu hukumar da ta yanke inda take tsayawa. A Turancin Nijeriya an ciro *severally* daga gare ta ana nufin "sau da yawa", alhali a harshen lauyoyi ma'anarta "kowa a kan kansa". Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙungiyar manoma da ta sa hannu a takardar bashi mai ɗauke da *jointly and severally*: ma'anarta ita ce mai bin bashi yana da ikon kama mutum ɗaya daga cikinsu ya nemi dukan kuɗin a wurinsa. Sai kuma *dozens* da *scores*, abokan 'yan jarida. *Dozen* goma sha biyu ce, Hausa ma ta are ta ta ce dozin. *Score* ashirin ce, kamar yadda masu ƙidayar wuri a da suke cewa hauya. Amma in jarida ta ce *dozens* ko *scores* sun mutu a wani hari, ba ta ninka sha biyu ko ashirin da komai ba. A mafi yawan lokuta tana sanar da mai karatu ne, cikin ladabi, cewa babu wanda ya ƙirga. Masu fassara a gidajen rediyo sukan ce "gommai", wanda ya yi daidai gwargwado, sai dai mai sauraro a Paki ko Tashar Yari yakan ɗauka wani ya tsaya a kan gawarwakin ya lissafa.

Can sama kuma, inda alƙaluma ke da sifiri da yawa, matsalar takan juye. Kalmomin suna da adadi tsayayye, kunne ne ba ya jin tazarar da ke tsakaninsu. A wannan shekarar ta Sharon, kafofin labarai sun ruwaito hukumomin Kaduna suna cewa manoma fiye da 200 sun yi asarar sama da naira biliyan 1 cikin wata guda. Miliyan da biliyan, a bakin Bahaushe, harafin farko ne kawai ya raba su, har mai karanta labarai yakan yi tuntuɓe ya faɗi ɗaya a madadin ɗaya ba wanda ya lura. Amma sakan miliyan ɗaya bai cika kwana goma sha biyu ba, sakan biliyan ɗaya kuwa ya haura shekara 31. Ita kanta *billion* ba ta daɗe da zama wuri ɗaya ba. A Ingila ta daɗe tana nufin miliyan sau miliyan, a Amurka kuma miliyan dubu, sai a 1974 Firayim Minista Harold Wilson ya shaida wa majalisa cewa gwamnatinsa za ta riƙa bin ma'anar Amurka. Faransanci bai bi ba: a can *milliard* ce miliyan dubu, *billion* kuwa ta ninka ta sau dubu. Saboda haka Bahaushen Maraɗi yana cewa miliyar a inda na Zariya ke cewa biliyan, kuma mai fassara takardar Faransanci da ya ga *billion* ya rubuta biliyan ya zabge kashi 999 cikin 1,000 na kuɗin bai sani ba.

Hausa ma tana da irin wannan gado. A zamanin wuri ana cewa zambar goma ana nufin dubu goma, zambar dubu kuma miliyan. Abin da ya wuce lissafi sai a ce malala gashin tunkiya. Jaka a Nijeriya fam ɗari ce, da aka sauya kuɗi a 1973 ta zama naira 200. A Nijar kuwa jika tana nufin sefa 1,000, wato dala 200, tunda dala sefa biyar ce. Kalma ɗaya, iyaka ta raba ta biyu. Fataken da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashen ba sa ruɗewa, domin kafin a buga ciniki sai an tabbatar da kuɗin wa ake magana. Haka mai awo a kasuwa: mudu ya bambanta daga gari zuwa gari, tiya ma haka, kwandon tumatir kuwa akwai babba akwai ƙarami, amma mai saye yana tsaye yana kallon ma'aunin, har ya nemi gyara. Kalmar kimantawa ba ta cutarwa muddin abin da ake kimantawa yana gaban mutum biyun.

Sana'o'in da kuskure a cikinsu ke cin rai sun daɗe da gane haka, suka ɗaure waɗannan kalmomi da igiyar lamba. A Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, ɗalibi yana koyon cewa a rahoton yanayi ana kasa sararin sama kashi takwas. *Few* tana nufin gajimare ya rufe kashi ɗaya zuwa biyu, *scattered* uku zuwa huɗu, *broken* biyar zuwa bakwai, *overcast* takwas cif. A nan *few* ba jaje ba ce, ba barka ba ce, ma'auni ce, kuma matuƙi daga kowace ƙasa haka zai karanta ta. A takardar da ke cikin kwalin magungunan Turai, illar da aka kira *common* ita ce mai samun tsakanin mutum ɗaya cikin 100 zuwa ɗaya cikin 10, *rare* kuwa tsakanin ɗaya cikin 10,000 zuwa ɗaya cikin 1,000. Mai karatu da bai san wannan ba, in ya ga *common* sai ya ɗauka rabin masu shan maganin ne, ya ajiye shi.

Misalin da ya fi taɓa matashin daga gidansu ya fito. Ƙanwarsa ta yi karatun aikin ɗakin gwaje-gwaje a kwalejin lafiya ta Makarfi, wadda aka daɗe da sani da sunan Shehu Idris. Da ya ba ta labarin takardarsa, sai ta ce ai su kullum da irin wannan suke fama. In aka duba majinar ƙirji a madubin likita ana neman ƙwayar tarin fuka, akwai sakamakon da ake rubutawa *scanty*, wato ƙwaya 1 zuwa 9 a cikin gurbin dubawa 100, kuma ƙa'ida ita ce a rubuta ainihin adadin da aka gani a gefen kalmar. Majiyyaci mai ɗan Turanci yakan karanta *scanty* ya yi hamdala, ya ɗauka an ce ɗan kaɗan ne, ba abin damuwa ba. Alhali tun 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa, a inda ake sa ido kan ingancin gwaji, ƙwaya ɗaya tak ta isa a ce mutum yana ɗauke da cutar, ya fara shan magani na wata shida.

"Yaya, kai kaɗan ɗinka ya hana mutane iri," in ji ta. "Namu kaɗan ɗin, in ba a zaunar da mutum an yi masa bayani ba, gida zai koma ya yi ta tari a kan 'ya'yansa."

Ya koma ofishin ƙungiyar da littafinsa, ya buɗe shafin da ya rubuta 4 a kan 41. Jami'in ya duba, ya girgiza kai, ya ce da wannan ya gani tun farko da magana ta sha bamban, amma an riga an rufe jeri, kayan kuma sun tafi. Ya yi alkawarin zagaye na gaba. Kafin zagayen ya zo Kawu ya sayar da ɗaya daga shanun huɗarsa ya biya kuɗin taki da na mai, da rani ya kewayo kuma ya raba lambun biyu, rabi albasa rabi tumatir.

Sai bayan sallar layya matashin ya iya faɗa masa. Ya zaɓi lokacin da babu kowa a zaure, ya bayyana yadda ya iya, yana kallon ƙasa. Kawu ya saurara har ƙarshe.

"Wato harafi ɗaya ne?"

"Ɗaya ne, Kawu."

"Zana mini shi in gani."

Ya zana *a* da yatsa a kan rairayin zauren. Kawu, wanda bai yi boko ba amma ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, ya sunkuya ya daɗe yana dubanta.

"To, ai a allo ma ɗigo ɗaya ke raba jim da ha," ya ce. Ya sa tafin hannu ya shafe ta. "Sa ya riga ya tafi. Allah ya sa iyakarta ke nan."

Tun daga nan, duk takardar da ta bi ta hannun malamin gonan, lamba ke fara shiga kafin kalma, in gurbin ya yi ƙanƙanta ya rubuta a gefe. Ƙananan ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa yanzu sun san cewa in suka kawo masa *some* ko *several* ko *a number of*, zai maido musu da takardar da tambaya ɗaya a samanta da jan biro. Wasu suna ganin tsanani ne.

Wurin Kawu ne kawai dabarar ke ɗaukar lokaci. A ƙarshen ranin da ya biyo baya ya same shi a gindin mangwaron nan, an jera kwanduna a bakin hanya ana jiran mota. Suka gaisa, ya tambayi lambu.

"Alhamdulillahi, an ɗan samu."

Ya bari aka yi hirar ruwa da ta farashin mai, aka sha fura, sannan ya matso kusa ya rage murya.

"Kwando nawa, Kawu?"

Tsohon ya waiga hagu da dama, ya tabbatar masu lodi sun yi nisa.

"Goma sha bakwai," ya ce. "Ban da na gida."